Jarkoki Uku Daga Jidda

Ban ga teku da idona ba sai da na haura shekara hamsin, amma na san ɗanɗanonsa tun ina 'yar ashirin da shida. A tsakar gidanmu na Maigatari na sha shi a moɗa, kuma ni da hannuna na shayar da rabin gari. Duk wanda ya san wajenmu ya san babu abin da ya haɗa mu da teku, rijiyar unguwarmu ma sai an ƙulla igiya biyu guga yake taɓa ruwa. A shekarun saba'in abin ya faru, bayan babban farin nan ya wuce mutane sun fara farfaɗowa, shekarar da iyayena suka tafi aikin hajji tare.

Baba fataucin gishiri yake yi. Buzaye su sauke masa gishirin kantu da na beza daga raƙuma, mutanen gabas su kawo na mangul, shi kuma ya sayar wa 'yan Kano da Haɗeja ranar Alhamis. Abin alfaharinsa a duniya harshensa ne. Ya lasa gishiri sau ɗaya, ya gaya maka daga inda aka haƙo shi da irin ƙasar da aka cuɗa a ciki. Inna takan tsokane shi, wai ya san gishirin hamada kaf, amma ranar da ta manta ba ta sa a miya ba sai da ya suɗe kwano.

Ni ce 'yar fari, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa duban idona ya yi mini magana ba. In yana son abu ina wurin, sai ya dubi bango ya ce a kawo kaza, a ɗauke kaza. Ni ma gaisuwa ce iyakata da shi. Duk abin da zai gaya mini ta bakin Inna yake biyowa, duk da ita ma kunyar take ji, sai dai ta iya sakaya magana ta yadda zan gane. Na faɗi wannan ne don a san yadda mutum biyu za su zauna gida ɗaya kwana shida, tambaya guda da za ta hana ɓarna ta gagare su.

Lokacin ina aure a Gumel da 'ya'ya biyu. Da aka ce jiragen alhazai sun fara sauka a Kano sai na taho gida gyara. Na yi wa ɗakin Inna sabon daɓe, na sauke kwanukan jerenta na wanke su ɗaya bayan ɗaya. Ina tsaye kan turmi ina mayar da su wani maƙwabcinmu, wanda jirginsu ya riga sauka, ya yi sallama a zaure. Bai nemi shigowa ba, ya aika a kira masa ƙanen Baba, a nan jikina ya ba ni. Inna ta rasu a Jidda, a masaukin alhazai, bayan an gama aikin hajji kaf suna jiran jirgi. Zazzaɓin kwana uku ne, kuma a can aka binne ta.

Bayan kwana huɗu Baba ya iso a Landirofa, yana zaune a gaba da bokitin roba mai murfi a cinyarsa. Mutane suka yi caa za su karɓe masa, ya hana. Ya ratsa su da bokitin a rungume, bai tsaya a zaure ba, ya wuce kai tsaye ɗakin Inna, abin da ban taɓa ganin ya yi da rana ba. Masu sauke kaya suka shigo da wani abu a naɗe cikin bargo, da aka warware sai ga akwatin gilashi, tsawonsa bai kai kamu biyu ba. Ya ture kwanuka uku daga teburin jere ya ɗora shi, ya jera wasu fararen duwatsu masu rassa a ciki, sannan ya juye bokitin a hankali.

Kifi ne guda biyu. Mu kifin da muka sani tarwaɗa ce da busasshen da ake kawowa daga Haɗeja, baƙaƙe, masu santsi. Waɗannan faɗi gare su ba kauri, ba su kai tafin hannuna ba, rawaya shar kamar gwaiduwar ƙwai, da siraran layuka ja-ja daga sama zuwa ƙasa. A bayan idon kowanne akwai shuɗin tabo, sai ka ce an yi kwalli ya zazzago. Baki ɗan tsito, a tsuke. Yaran gida suka sa musu malam-buɗe-littafi saboda launin, kuma daga baya na ji wai haka Turawa ma suke kiransu da harshensu. Abin da na fara lura da shi, ba sa rabuwa. In ɗaya ya juya ɗayan ya juya, in ɗaya ya shige bayan dutse ɗayan ya tsaya a bakin yana jira.

A waje kuwa gida ya cika. Baƙi iri biyu ne a jiki ɗaya, sun zo ta'aziyya, sun kuma zo sannu da zuwa. Mutum ya gama share hawaye, sai ka ga idonsa na neman inda aka ajiye dabino. Ban ga laifinsu ba, a lokacin ba kowace unguwa ke da alhaji ba, kuma wanda ya zo gidan alhaji bai kurɓi zamzam ba kamar bai zo ba ne. Tsarabar ma ba ta da yawa. Abokan tafiyarsa sun yi ta gulmar cewa ya bar rediyo da barguna a filin jirgi saboda nauyin ruwa. Da na duba kayan da aka jibge a rumfa na ga fararen jarkoki biyu cike, sai na ce a raina Allah sarki Baba, ya zaɓi lada a kan rediyo.

Ban tambaye shi ba. Yana zaure cikin dattawa, kuma ko shi kaɗai ne da wane baki zan fara. Na buɗe jarka ɗaya, na tsiyaya kaɗan a moɗa, na yi bisimilla na fuskanci gabas na kurɓa. Gishiri da ɗaci suka naɗe mini harshe har sai da idona ya kawo ruwa. Ban taɓa shan zamzam tsantsa ba, na dai sha jin cewa yana da ɗan gishiri-gishiri, kuma na sha jin mata na cewa yadda zuciyar mutum take haka yake jinsa. Na ce bakina ne, kwana huɗu ban ci abin kirki ba. Can ƙasan raina kuma na ji tsoro, ko wani zunubina ne ya fito a harshe. Don haka ban gaya wa kowa abin da na ji ba.

Na yi yadda ake yi, na zuba moɗa biyu a babbar randa na cika da ruwan rijiya don ya isa kowa. Aka yi ta sha ana shafa fuska. Wani tsohon alhaji ya kurɓa ya tauna baki, ya ce na bana da ƙarfi yake, alamar rijiyar ta sha ɗiba. Wata ta ce tana sha ta ji ciwon ƙugunta ya sake ta. Masu zuwa da kwalba kuwa tsantsa nake zuba musu, don wannan na ajiya ne, na mai naƙuda, na mai ciwon ido, galibi kuma na likkafani. Dangin Baba na Gagarawa suka zo da galan guda wai za su raba a can, na cika musu. 'Yan'uwan Inna na Sule Tankarkar ma haka. Ina zubawa ina jin daɗi a raina, ina cewa ladan ya kai wa Inna.

A rana ta biyu aminiyar Inna ta iso daga Ɗanzomo. Iya muke ce mata. Tare suka tashi, tare aka yi musu kitson aure, kuma ita ce mace ɗaya da ke kiran sunana gatsau a gaban Inna don ta ba ta haushi. Ta shiga ɗakin, ta daɗe tsaye gaban gilashin, ta ce wannan aikin ƙawarta ne, ita ce mai kwashe-kwashen abin da ba a ci. Ba ta kwana ba, mijinta, malamin allo ne tsoho, yana kwance ba lafiya. Na nemi kwalbar da ta fi kowacce girma a gidan, ta man gyaɗa, na wanke ta tas na cika mata har wuya.

Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci Baba ya shiga wurin kifin. Ina bakin ƙofa ina tsince shinkafa na ji ya ce da bango a kawo masa jarka ɗaya cikin biyun nan na rumfa. Ɗaya ta ƙare tun ranar Laraba. Na ɗauko ɗayar, abin da ya rage a gindinta bai fi yatsa uku ba, na durƙusa na ajiye. Ya ɗaga ta da hannu ɗaya, ya girgiza.

"Ina ruwan?"

"An raba wa mutane, Baba."

Ya ajiye jarkar. Sannan ya sunkuya, ya zura hannu ƙarƙashin gadon Inna, inda masu sauke kaya suka tura akwatinta ba wanda ya iya taɓawa. Ya jawo jarka ta uku, iri ɗaya da sauran, sai dai an ɗaure hannunta da yankin ɗankwalin da na sani. Ya ajiye ta kusa da wadda na kawo.

"Wannan ce zamzam," in ji shi. "Ita ta ɗebo da kanta. Waɗancan ruwan teku ne."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya bayyana wa bango cewa wanda ya sayar da kifin ya ce duk Juma'a a kwashe kwano ɗaya na tsohon ruwa a zuba sabo, in ba haka ba ruwan zai kashe su. Jarkokin nan biyu ya lissafa za su kai shi wata uku, kafin nan ya gane yadda zai haɗa nasa. Sannan ya ce a ɗauki zamzam ɗin na gaskiya a bi mutane gida-gida, a gaya musu, a musanya musu. Ya ce ko babu kifi wannan dole ne, ba a barin Musulmi da ruwan da ba shi ne ba yana tanadinsa don kabari.

Washegari na fara da unguwarmu. Abin ya zo da sauƙi fiye da yadda na zata. Wasu suka yi dariya har da riƙe ciki, mai ciwon ƙugu ta ce ita dai ta warke, a bar mata kayanta. Wata ta ɓata rai ta ce ta ɗiga wa jikanta a ido ya kwana yana tsala ihu, ta ɗauka aljanu ne ke fita. Tsohon alhajin nan ya ce shi da ma ya gane, kawaici ya yi. Kowa na tsiyaye masa tsohon a cikin galan ɗina, na ɗauraye kwalbar, na zuba masa na gaskiya. Na yi kwana biyu a Maigatari, na yi biyu a Gumel wurin dangin mijina. Abin da na tara bai taka kara ya karya ba, kwalabe ne ƙanana kuma an sha rabi. Mai yawan yana Gagarawa da Sule Tankarkar da wurin Iya.

Na hau a-kori-kura zuwa Ɗanzomo da jarkar zamzam tsakanin ƙafafuna. Tun daga bakin lungu na hango tabarmi a ƙofar gidan Iya da maza zazzaune. Malam ya rasu kwana uku da suka wuce, saƙon ya tafi Maigatari ina Gumel muka saɓa. Na tura jarkar bayan ƙyauren zaure na shiga. Iya na zaune a ƙuryar ɗaki ta shiga takaba, tana ganina ta miƙo hannu ta jawo ni jikinta. Ban kai ga yi mata gaisuwa ba ta riga ni magana.

"Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka. Malam shekara arba'in yana roƙon Allah ya kai shi Makka, bai samu ba. Amma ya tafi da zamzam a jikinsa. Da bakinsa ya ce a yayyafa masa, yana kallon kwalbar nan ya cika."

Ta ɗaga gefen katifa ta nuna mini. Saura rabi, ta toshe bakin da tsumma ta ɗaure da zare.

"Wannan nawa ne. Wanda aka zuba masa shi za a zuba mini, ruwa ɗaya. Ke kuma za ki zuba, tun da uwarki ta gudu ta bar ni."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe, maganar tana kan harshena, na riga na faɗe ta a gida sama da ashirin. Abin da ya fito shi ne Allah ya jiƙan Malam. Na zauna har la'asar, na ci tuwon sadaka, na fito na ɗauki jarkata a bayan ƙyaure. A tasha motar Sule Tankarkar na lodi, ga ta ga ni, tafiyar ba nisa. Na tsaya ina kallonta har ta cika ta tashi. Tsoro ne ya kama ni, kada in je can in tarar da wata tabarmar a wata ƙofar. Na hau ta Gumel, daga can na wuce gida, Gagarawa ma ban je ba.

Baba na zaune gaban gilashin na ajiye galan ɗin. Ya ɗaga, ya ji nauyinsa, ya tambayi bango ko an gama. Na ce an gama. Ƙarya ta farko ke nan da na taɓa yi masa, don kafin nan ba mu da maganar da za a yi ƙarya a cikinta.

Abin da na kawo ya yi Juma'a biyu. Daga nan Baba ya koma ga harshensa. Ya daina fita kasuwa sai Alhamis, ita ma don ya zaɓo gishiri ne. Ya jera ƙore a ƙofar ɗakin Inna, wannan beza zalla, wannan beza da ɗan mangul, wannan an ɗiga masa kanwa. Ya jiƙa, ya tace da farin ƙyalle sau uku, ya lasa na ƙwarya, ya lasa na gilashi, ya rufe ido. Kullum sai ya girgiza kai, ya ce gishirin ya yi daidai amma akwai wani ɗaci a bayansa da ba ya cikin gishirin tudu. Mutumin da Buzaye ke shakkar harshensa, ga shi ruwa ya tsaya masa. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushin kaina, don na san inda galan biyu na wannan ɗacin suke ajiye.

Ban koma Gumel ba, mijina ya yi mini haƙuri har a yi arba'in. Tare da akwatin gilashin an ba Baba wata 'yar na'ura mai aiki da batirin tocila, tana hura kumfa a ruwan. Cin batir gare ta kamar me, kuma a sati na uku ta tsaya gaba ɗaya. Sai ya ɗaura siririyar roba a bakin famfon keke, muka koma bugawa da hannu, shi ya yi ya gaji in karɓa. Abinci kuwa babu irin wanda ba mu gwada ba. Tsakin gero, garin busasshen kifi, gwaiduwa, hanta an kankare, duk su zo su shinshina su wuce. 'Yan tsutsotsin gindin randa kaɗai suke ɗan tsinka, sauran lokaci suna ta tsattsagar fararen duwatsun nan da ba komai a jikinsu.

A wurin bugun famfon nan ne na zauna kusa da mahaifina fiye da duk zaman da muka yi a rayuwa. Da hantsi rana takan shigo ta taga ta ratsa ruwan, hasken ya yi ta rawa a jikin kwanukan Inna. Sau da yawa nakan ji kamar motsin mutum ne a bayana, in waiga. Wata rana yana kallon kifin ya ba su labarin, ni ina ji. Wai suna jiran jirgi Inna ta matsa sai an kai ta ta ga teku. Ta tsaya a baki ta daɗe, ta ce ashe akwai ruwan da ya fi ƙarfin guga. A hanyar komowa suka ga mai sayar da kifin ado, ta tsaya kan waɗannan biyun tana dariya, ta ce ga alhaji da hajiya. Mai kifin ya ce irinsu bibbiyu suke rayuwa, ba a sayar da ɗaya. Ta kwance bakin zanenta ta saya, ta ce kowa ta yi wa tsaraba, wannan tata ce. Kwana biyu ta yi tana kallonsu zazzaɓin ya kwantar da ita.

Sanyi ya shigo sosai, muka riƙa lulluɓe akwatin da bargo muna ajiye kaskon wuta a gefe. Duwatsun suka rine suka yi ruwan ƙasa. Ruwan da Baba ke haɗawa in an zuba sai ya yi fari-fari kafin ya kwanta, kifin su maƙale a kusurwa suna haki. Rawayar ta fara koɗewa, cikinsu ya shafe, ƙananan ɗigo farare suka feso musu a jiki. Kullum da safe in ce yau zan gaya masa, in hau motar Gagarawa in dawo kafin magariba. Kullum kuma in tuna in na faɗi Gagarawa sai na faɗi Ɗanzomo, kuma na san shi, da ƙafarsa zai je ya gaya wa Iya.

Kwana biyu bayan sadakar arba'in ƙaramin cikin kifin biyu ya kwanta a gefensa a gindin dutse. Kafin azahar ya daina motsi. Baba ya sa ludayi ya ɗauke shi. Ɗayan ya ƙara kwana tara, kuma kwanakin nan tara su ne har yau ba na son tunawa. Ya bi gilashin daga wannan gefe zuwa wancan, ya zagaya bayan dutsen, ya tsaya a bakin inda ya saba jira, ya sake komawa. Ko tsutsar ya daina dubawa. Baba yana zaune yana buga famfo, idonsa na bin sa.

Ranar da kifin ya mutu Baba ya haƙa rami a gindin lallen Inna, inda ya sa na farkon. Ya wanke hannu, ya juyo, karo na farko a rayuwata ya dube ni a ido.

"Ke, kada ki sa wa ranki. Mai kifin ya gaya mini ba sa daɗewa a gilashi, abincinsu a jikin dutse mai rai yake. Na sani tun a can. Ban iya shigowa gidan nan hannu rabbana ba ne kawai."

Na sunkuyar da kai na ce to. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, mai yiwuwa kuma sauƙi yake nema mini. Ko wanne ne, ya yafe mini kuskuren da ya sani, wanda bai sani ba yana nan. Ya rayu shekara shida bayan haka, muna hira har da dariya, ban taɓa gaya masa ba. Na Gagarawa da Sule Tankarkar ban san inda ruwansu ya ƙare ba. Na dai san duk rasuwar da aka aiko mana daga can, abin da ke fara zuwa raina shi ne ko da shi aka tafi.

Kafin jarkar Inna ta ƙare na cika wata 'yar kwalba da zamzam ɗin na gaskiya na ɓoye. Dabarata ita ce ranar da Iya ta cika in tafi da ita a jaka, in musanya ba wanda ya sani, ko ita kaɗai in fitar. Shekara uku bayan nan aka aiko Iya ta rasu. Na isa ana haɗa ruwan wanka, 'yarta ta ce tun jiya take cewa a jira ni. Aka gama, aka shimfiɗa likkafani, aka miƙo mini kwalbar man gyaɗan nan. Zaren ya yi baƙi, farin gishiri ya daskare a jikin tsumman, matan suna cewa dubi albarka har ta fito waje. Jakata na rataye a kafaɗata, ɗakin da duhu-duhu, kowa idonsa na kan gawa. Ba abin da zai hana ni.

Na sa hannu a jakar na taɓa 'yar kwalbar, sai na ji muryarta tana cewa ruwa ɗaya. Na daɗe a haka har mai wankan ta ɗago ta dube ni. Na zare hannuna, na kwance zaren, na yayyafa mata tekun daga kai har ƙafa.

Ɗan abin da ya rage a gindin kwalbar na roƙa aka ba ni. Yana cikin akwatina, a naɗe da yankin ɗankwalin Inna. Na je Makka daga baya, na ɗebo zamzam da hannuna, na raba shi kaf bayan na ɗanɗana kowace jarka. 'Ya'yana sun daɗe da sanin cewa kwalbar man gyaɗan nan ta likkafanina ce, kuma duk zatonsu zamzam ne. In sun karanta wannan sun san ko mene ne. Ita ɗin dai za a zuba mini.